Yadda zaka tace jita-jitar canjin koci a ƙwallon jami'o'in Amurka

In kana bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture, to ka san daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu babu abin da ke yawo kamar maganar wane zai tafi wane zai zo. Kowa ya zama mai majiya, wani yace ƙanin matarsa na aiki a ofishin wasanni, wani yace ya ga matar koci tana duba gida a garin, kai kuma kana nan riƙe da waya ƙarfe biyun dare saboda lokacin da suke fasa labari da yamma mu nan dare ya tsala. Ana iya tace wannan hayaniyar, kuma abin da ya faru a jami'ar Alabama a 2024 ya isa a koyi darasin kusan gaba ɗaya.

Ranar 10 ga Janairu 2024 koci Nick Saban ya ajiye aiki yana da shekara 72, bayan kaka 17 a Alabama da kofin ƙasa shida da ya ci musu. Chris Low na tashar wasanni ta ESPN ne ya fara fitar da labarin. Kafin gari ya waye sunaye sun cika ko'ina, Dan Lanning na Oregon, Steve Sarkisian na Texas, Mike Norvell na Florida State, Lane Kiffin na Ole Miss, har da Dabo Swinney na Clemson don shi tsohon ɗan wasan Alabama ne. Ranar 12 ga wata aka sanar da Kalen DeBoer na Washington. Kwana biyu kacal, amma surutun da aka yi a cikinsu ya fi na wata guda.

Abu na farko da zaka yi in ka ji suna shine ka tambayi kanka, wa zai ci riba in wannan sunan ya fita? Nan ne yawancin magoya baya ke faɗawa rami. Kocin da ake ta ambaton sunansa ba lallai yana son tafiya ba, sau da yawa wakilinsa ne ke so jami'ar da yake ciki ta tsorata ta buɗe bakin aljihu. Dubi Norvell, sunansa ya yi ta yawo a Alabama, sai ga Florida State ta ba shi sabon kwantiragi na shekara takwas da albashin da ya haura dala miliyan 10 a shekara, Sarkisian ma Texas ta ƙara masa. Kuma abin da ya kamata ka riƙe a kai shine Saban da DeBoer da Norvell da Sarkisian duk wakilinsu ɗaya ne, Jimmy Sexton, wato mutum ɗaya ne ke zaune a tsakiyar cinikin ya san wanda zai tashi ya san wanda zai zauna, kamar dillalin da ke riƙe da igiyar shanu huɗu a kara yana jin tayin kowa. Ba laifi yake yi ba, aikinsa kenan, amma kai mai karatu dole ka san cewa wani sunan an sake shi ne don a ɗaga farashi.

Daga nan sai ka nemi kuɗin fansa, wato abin da za a biya in koci ya karya kwantiragi ya tafi, ko in jami'a ta kore shi. Wannan ba sirri bane a jami'o'in gwamnati, dokar jihohi ta ba 'yan jarida damar neman takardun, kuma USA Today na fitar da jerin albashin kociyoyi duk shekara. Na Lanning a lokacin dala miliyan 20 ne, na DeBoer miliyan 12. Kuɗin kaɗai ba ya hana ciniki in jami'a ta ƙudura, Texas A&M ta yarda ta biya kocinta Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a Nuwamban 2023 don kawai ya tafi, amma dai lissafin zai nuna maka wane suna ne mai sauƙin ɗauka wane ne sai attajiran da ke tallafa wa ƙungiyar sun haɗa hannu. Jami'o'i masu zaman kansu irin USC da Notre Dame su kam ba dole su nuna kwantiragi ba, duk adadin da ka gani a kansu ka ɗauke shi da hattara.

Sai maganar bakin koci, kuma nan nake so ka nutsu sosai don nan ake karya zuciyar mutane. Ka saurari ainihin kalmomin da ya faɗa ba abin da kake so ka ji ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 bayan wasan Oklahoma da Oklahoma State, an tambayi kocin Oklahoma Lincoln Riley ya ce ba shi ne zai zama kocin jami'ar LSU na gaba ba, magoya bayan Oklahoma suka yi ajiyar zuciya suka kwanta, washegari ya tafi USC. Bai yi ƙarya ba, LSU aka tambaye shi. Shi kansa Saban a Disambar 2006 yana kocin ƙungiyar ƙwararru ta Miami Dolphins ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa ba zai zama kocin Alabama ba, farkon Janairun 2007 ya sauka Tuscaloosa, garin da jami'ar Alabama take, jama'a sun cika filin jirgi suna tarbarsa. To in koci yace hankalina na kan wasa mai zuwa, ko yace ina jin daɗin zama a nan, bai ce komai ba tukuna. Abin da ke da nauyi shine irin na Lanning, washegarin murabus ɗin Saban ya saki bidiyo ta shafinsa yana nuna yana nan a Oregon, bayan har an yaɗa cewa an gan shi a Tuscaloosa alhali kanzon kurege ne. Ko kuma sa hannu a sabuwar takarda. In babu ɗayan biyun, ƙofa a buɗe take.

Bin jirgi kuwa, gaskiya akwai daɗi, ba zan hana ka ba. Ka shiga shafin bin jirage na FlightAware ka sa lambar wutsiyar jirgin jami'a ko ka duba ƙananan jiragen da suka tashi daga filin garin, ka ga inda suka nufa. Amma ka tuna Disamba da Janairu lokacin zawarcin 'yan wasan sakandare ne, mataimakan koci na ta zirga-zirga a jiragen nan, kuma daraktocin wasanni sun daɗe da gane ana binsu, sukan ari jirgin wani attajiri ko su haɗu da mutum a otal a wani gari daban ko su yi hirar ta bidiyo. Jirgi ya tashi zuwa Seattle, garin jami'ar Washington, ba hujja bace ita kaɗai, sai in ta haɗu da rahoton ɗan jaridar da ya sa sunansa.

Masu sa sunan nan su zaka jera a gaba, Pete Thamel na ESPN, Bruce Feldman, Ross Dellenger, sannan ɗan jaridar da ke bin ƙungiyar kullum a garin. Ka duba sunan shafin harafi da harafi don a X akwai masu kwaikwayon hoton su da sunan su. Ka kuma bambance tsakanin ana tattaunawa, ana dab da kammalawa, da an sa hannu, domin ko na tsakiyar yana rushewa. A daren 25 ga Nuwamba 2023 rahotanni sun nuna Mark Stoops na Kentucky na hanyar Texas A&M, magoya bayan A&M suka tada ƙura, cikin daren Stoops ya rubuta cewa yana nan Kentucky, aka ƙare da ɗaukar Mike Elko daga Duke. Jadawalin 'yan caca kuma kada ka ɗauke shi a matsayin labari, Lanning ne a saman jerin kujerar Alabama a ranar farko.

Wani abu da ke damuna, surutun magoya baya ba iska bace kawai, yana taɓa rayuwar mutane. A Nuwamban 2017 Tennessee ta kusa ɗaukar Greg Schiano, labarin ya fita, jama'a suka yi ca a intanet da harabar jami'a suna danganta shi da badaƙalar lalata da yara ta jami'ar Penn State, zargin da ya musanta kuma ba a taɓa gurfanar da shi a kansa ba, kafin dare cinikin ya mutu, bayan 'yan kwanaki aka cire daraktan wasanni John Currie, Phillip Fulmer ya karɓa ya ɗauko Jeremy Pruitt. Kana da 'yancin cewa ba ka son koci saboda salon wasansa ko yawan wasannin da ya faɗi, wannan hira ce mai daɗi, amma don Allah kafin ka tura zargi a kan mutuncin mutum ka tabbata ka san tushensa, akwai iyali a bayan kowane suna, akwai mataimaka da ma'aikata da yawa da abincinsu ke rataye da kujerar mutum ɗaya.

In an sanar da sabon koci kada ka rufe waya, yanzu ne rabin labarin ya fara. A dokar lokacin, tafiyar koci na buɗe wa 'yan wasansa kwana 30 su nemi canjin makaranta, shi ya sa daraktan wasannin Alabama Greg Byrne ya roƙi yaran su ba shi awa 72 kafin su yanke shawara, duk da haka Caleb Downs ya tafi Ohio State, Isaiah Bond ya tafi Texas. Sannan ka dubi kujerar da sabon ya bari a baya ka fara lissafin daga farko, wa ke da sauƙin kuɗin fansa, wa ke da alaƙa da yankin, wa wakilinsa ke turawa. DeBoer ya bar Washington, Washington ta ɗauko Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauko Brent Brennan daga San Jose State, ita kuma San Jose State ta kira Ken Niumatalolo tsohon kocin Navy, makarantar sojan ruwa, duk kafin watan Janairun ya ƙare.