Yadda za ka shirya wa ranar da wayarka za ta mutu

Wata ranar Talata wani magidanci ya shigo shagona na gyaran waya a PZ, Zariya, gumi ya jiƙe masa riga, wayarsa ta faɗa kwata a Tudun Wada. Na duba na ce sai gobe, sai na kwance ta ta bushe tukuna. Ya ce to a ara masa waya ya kira gida, ya baro iyalinsa tana naƙuda. Na miƙa masa tawa. Ya danna sifili da takwas, sai ya tsaya yana kallon madannan. Shekara tara da aure, bai san lambar matarsa ba. Ta mahaifiyarsa ma haka. Lambar da ta zo masa ita ce ta wani tsohon layinsa da ya ɓace tuntuni. Ƙarshe dai yaron shagona ne ya goya shi a babur.

Ban yi masa dariya ba, don a daren na gwada kaina, lamba biyu kacal na iya kawowa, ɗaya ma tawa ce. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya, da ita nake ci nake sha, saboda haka ba zan ce wa kowa ya jefar da tasa ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da na yi a gidana bayan wannan rana, da kuma abin da na tsinta daga ƙanena da ke aikin jinya a Houston, Amurka.

Su can sun riga mu nisa a wannan hanya. A 2007 aka fitar da iPhone ta farko. A 2011 cibiyar bincike ta Pew ta ce kashi 35 cikin ɗari na manyan Amurkawa ke da babbar waya. Yau kusan tara ne cikin goma. Banki, ganin likita, aikin makaranta, sayen abinci, har buɗe ƙofar gida, duk sun koma cikinta. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, kuskure ɗaya a manhajar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows. Asibitoci suka ɗage tiyata, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin 'yan kwanaki. Ba yaƙi aka yi ba, ba guguwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Ka fara da littafi. Na 'yan makaranta mai bango mai kauri ya isa. Ka zauna da wayar a gabanka ka kwafe lambobi ashirin zuwa talatin da hannunka: iyali, iyaye, 'yan'uwa, maƙwabci na kusa, malamin makarantar yara, mai keken da ka amince da shi ko da tsakar dare, wani da ka sani a asibitin Shika in akwai. Ka ƙara 112, lambar kiran gaggawa. Cikin waɗannan ka zaɓi uku ka haddace. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce na daina danna suna. Mako biyu duk lokacin da zan kira uwargida sai na buga lambar ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka yi tilawar allo muna yara, lamba goma sha ɗaya ba za ta gagare mu ba, sakaci ne kawai. A 2011 wata malama a jami'ar Columbia ta Amurka, Betsy Sparrow, ta gwada wannan: mutanen da aka ce musu kwamfuta za ta adana abin da suka rubuta sun fi saurin mance shi. Ƙwaƙwalwa in ta ga an samu mai riƙe mata kaya, sai ta sauke.

A shafi na gaba ka rubuta adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da kalmar sirrinsa. Nan ne na fi shan wahala da mutane. Yawancin masu zuwa wurina wani yaro ne ya buɗe musu a shagon da suka sayi wayar, ya sa abin da ya ga dama, kuma shi kansa ya mance kafin la'asar. In wayar ta rikice aka wanke ta, wato aka goge duk abin da ke cikinta, da ta tashi za ta nemi wannan asusun, in babu sai ta kulle. Sai mutum ya riƙa kallona kamar ni na sace masa hotunan bikinsa. Ka shiga saiti ka tabbatar lambobinka a kan asusun Google suke sauka, ba a cikin wayar kaɗai ba. In ka sa wa WhatsApp lambar sirri mai shida, ita ma ka rubuta. Amma lambar katin ATM da ta manhajar banki kada su shiga littafin nan, a kai ake ajiye su. Littafin kuma a gida yake zama, cikin akwatin takardu, ba a aljihu ɗaya da wayar ba.

Sai maganar kuɗi. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga abin da rashin tsaba ke yi: layi a bakin banki tun asuba, a tura kuɗi su maƙale a hanya, mai tumatir a kasuwar Sabon Gari ta ce sai ta ga alat. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin banki suka riƙa juyawa ba sa buɗewa. Har Amurkar ma haka: ranar 22 ga Fabrairun 2024 layin kamfanin waya na AT&T ya ɗauke na sa'o'i, hukumar sadarwar ƙasar ta ce kira sama da miliyan 92 bai shiga ba, ciki har da sama da 25,000 na neman agajin gaggawa. Ni abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne kada hanyar kuɗinka ta zama ɗaya. Ka ajiye tsabar cefanen kwana biyu da kuɗin mota a gida, ka manta da su. Ka haddace lambar bankinka mai farawa da tauraro, wadda ba ta bukatar data. Ka nemi ƙaramar waya mai tocila, rakani-kashi, ka sa mata layin wani kamfani dabam da na babbar, ka riƙa yin kira da ita jifa-jifa don kada a rufe layin. Cajinta na kai kwanaki, wanda a garin da ake ɗauke wuta ba sallama ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan duk shiri ne na ranar da ta mutu. Wanda ya fi wuya shi ne na ranakun da take raye.

Shiga saiti ka nemi Digital Wellbeing in Android ce, ko Screen Time in iPhone ce. Tun 2018 kamfanonin suka sa wannan, amma da wuya in ga wanda ya taɓa buɗewa. Zai nuna maka awa nawa ka yi da kuma inda suka tafi. Nawa ranar farko awa shida da minti arba'in ne, na ce ai aiki ne, sai na ga rabi TikTok ya cinye. Kada ka yi rantsuwar dainawa, ba za ka cika ba. Ka kashe sanarwar komai in ban da kira, saƙon tes da na banki. Gurup-gurup na WhatsApp, na 'yan ajinku da na unguwa da na siyasa, ka rufe musu baki, ka riƙa leƙawa sau biyu a rana. Manhajar da ta fi cin lokacinka ka ɗauke ta daga fuskar farko, ka sa mata iyakar minti talatin. Da dare ka mayar da fuskar wayar baƙi da fari. Za ka yi mamakin yadda bidiyo ke rasa armashi in babu launi.

Ka kuma sani ba raunin zuciyarka ne kaɗai ba. Shafin nan da kake ja da yatsa ba ya ƙarewa, ƙera shi aka yi haka. Aza Raskin, wanda aka fi danganta ƙirƙirarsa da shi a 2006, ya fito daga baya ya ce ya yi nadama. Kwanon tuwo yana da ƙasa, in ka kai ka san ka gama. Wannan ba shi da ita.

A gida na kafa doka ɗaya tak, don na san in sun yi yawa ni zan fara karyawa. Daga kiran magariba zuwa bayan isha'i da cin abinci, duk wayar gidan tana cikin wata tsohuwar fanteka a kan firji. Dare na uku ina zaune hannuna na ta lalube aljihu, uwargida ta ce, "Malam, ko a miƙo maka fantekar ne?" Yara suka fashe da dariya. Sabo turken wawa. Bayan mako biyu hannun ya daina. Caji kuma a falo ake yi, waya ba ta kwana a ɗaki. Masu cewa da ita suke tashi asuba, a Zariya masallaci nawa ne ke kewaye da gidanka?

Kan yara na fi tsanantawa, kuma ƙanena ne ya sa. Ya ce, "Yaya, kada ka yi gaggawar saya musu, nan iyaye kuka suke." A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a shafukan sada zumunta, haɗarin alamun damuwa da fargaba yana ninkuwa a kansu. Binciken Pew na 2022 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na matasansu kusan ba sa sauka daga intanet. A 2023 jihar Florida ta hana amfani da waya lokacin darasi, wasu jihohi suka biyo baya. Babbar 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, ƙaramar waya take riƙewa. In aikin makaranta ya bukaci bincike, ta ɗauki tawa a falo, inda kowa ke wucewa. Ta yi fushi na wata guda, ta huce.

Tuƙi kuwa ba sai na ja magana ba. A 2022 mutum 3,308 suka mutu a Amurka a haɗurran da hankalin direba ya tafi wani wuri. In za ka tuƙa daga Kwangila zuwa Samaru, wayar ta shiga aljihun mota. In mai keken da ka hau yana latsa waya, ka yi masa magana, ko ka sauka.

Ka kuma riƙa bin hanya da idonka. Ƙanen nan nawa a Tudun Wada aka yanke masa cibiya, amma da ya zo Babbar Sallah ya karɓi mota zai je gaida gwaggonmu a cikin birni, yana wuce Ƙofar Doka ya rikice, don ya saba wata murya ce ke ce masa yi dama, yi hagu. Layinsa na can bai kama ba. Sai da ya tsaya wurin mai shayi ya yi tambaya, mai shayin ya gane gidan, har ya san kakanmu.

Shi Murthy ɗin a 2023 ya kuma fitar da wani gargaɗin, kan kaɗaici, ya ce kusan rabin manyan Amurkawa na fama da shi. Mu har yanzu muna da zaure da majalisa, sai dai ka leƙa majalisar da dare ka ƙirga kawunan da ke sunkuye. Na ga ana yin ta'aziyya da hoton hannu biyu a WhatsApp, alhali gidan rasuwar ba ya wuce tafiyar minti goma. Ni yanzu duk Juma'a in an sauko masallaci gida ɗaya nake zaɓa in je da ƙafata, in bar wayar a aljihu har in fito.

In ka gama duk wannan, ka gwada. Zaɓi Asabar ɗaya, ka sanar da iyali da abokan ciniki lambar ƙaramar wayar, ka kashe babbar daga asuba zuwa isha'i. Duk inda ka maƙale a ranar, ka rubuta a littafin, nan ne sauran gyara. Ni na maƙale wuri biyu: farashin gilashin wayoyi da nake dubawa a gurup ɗin dillalanmu, da ranar da za a mayar da ƙaramin ɗana rigakafi. Na farkon yanzu yana manne a bangon shago, na biyun a kalandar falo.

Magidancin nan ya dawo washegari da goro da dabino, an samu namiji. Wayar dai ba ta tashi ba, ruwa ya ci injin. Lambobinsa ɗari huɗu da wani abu duk a cikinta ya adana su, Gmail kuma bai san ma yana da shi ba. Na haɗa shi da wata ta hannu, na yago takarda daga littafin rasit na ce ya fara da ta mai jego. Ya ce bari ya je gida ya tambaye ta.