Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tambaya da Turanci

Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana ta dawowa a rubutun masu koyon Turanci, a wasiƙar neman aiki, a takardar jarrabawa, har a saƙon waya. Mutum zai jero jimla biyar lafiya lau, da ya zo yin tambaya sai komai ya wargaje. Tushen abin kuwa sananne ne. Mu a Hausa ba ma taɓa tsarin jimla idan za mu yi tambayar e ko a'a. "Ka tafi." "Ka tafi?" Kalmomin suna nan inda suke, murya ce kawai ta sauya, ko mu sa "shin" a farko, ko mu sa "ko" a ƙarshe. Turanci kuwa sai an ɗaga kalma daga mazauninta, wani lokaci ma sai an aro wata daga waje.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Mataimakin aikatau, wato irin su is, are, was, have, will da can, shi ke tsallakowa ya tsaya gaban mai aikin. "You are going" ya koma "Are you going?" Idan akwai kalmar tambaya, ita ke shiga gaba, mataimakin ya bi ta: "Where are you going?" Wanda ya ce "Where you are going?" da Hausa ya yi tunani, ya dai sa mata rigar Turanci. Idan jimlar ba ta da mataimaki ko ɗaya, kamar "She works here", sai a aro do, does ko did.

To, a wurin aron nan ne aka fi yin ɓarna. "Did you went?" "Did he came?" "Does she works here?" Wannan kuskure ya fi kowanne ci mini rai, domin shi ne na farko da mai karanta takardarka zai gani, kuma daga nan ya gama yanke maka hukunci tun bai kai ga abin da kake son faɗa ba. Turanci sau ɗaya yake nuna lokaci a irin wannan jimla. Da zarar did ya shigo, ya ɗauke nauyin lokacin da ya wuce gaba ɗaya, aikatau sai ya koma yadda yake a ƙamus: "Did you go?" "Did he come?" Haka does, ya riga ya kwashe harafin s ɗin nan da ke ƙarshen works, saboda haka "Does she work here?" za a ce. Ka sa did kuma ka sa went, ka haɗa taura biyu a baki ke nan, ba za su taunu ba. Ni abin da nake yi, kuma nake sa masu koyo su yi, shi ne a ɗauki aikatau ɗin da ya biyo bayan did a sa masa to a gaba, a faɗa da ƙarfi. "To go" ya zauna a kunne. "To went" bai zauna ba. Duk abin da ya ƙi zama da to, ba zai zauna da did ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne rikita gida biyu. Is, are, was da were ba sa neman aron kowa, su ke tsallakowa da kansu: "Were you there?" Su kuma agree da understand aikatau ne na sosai, do suke bukata. "Are you agree?" kuskure ne, "Do you agree?" ake cewa.

Na biyu da ke bukatar dogon bayani shi ne tambayar da ke cikin wata jimla. Abin takaici, waɗanda suka fara iyawa su ne suka fi faɗawa ciki. Sun koyi juya kalmomi, sai suka ɗauka ko'ina aka ga where ko what juyawa ake yi. Sai ka ji "Can you tell me where is the office?" Haba malam, sau nawa za ka yi tambaya a jimla ɗaya? Tambayar tana cikin "Can you tell me", a nan aka riga aka juya. Abin da ya biyo baya zance ne kawai, tsarinsa na zance: "Can you tell me where the office is?" A nan do da danginsa ficewa suke yi, lokaci kuma ya koma kan aikatau. "Where did he go?" daidai ne, amma idan ka sa ta cikin wata jimla sai ta zama "Do you know where he went?" Ka lura went ɗin da muka kora ɗazu ya dawo, domin did ya bar wurin. Idan tambayar ta e ko a'a ce, if ko whether ke haɗa su: "She asked me if I was ready." Kada ka kuskura ka sa wa wannan alamar tambaya, labari kake bayarwa, aya za ka sa. Gwajina a nan shi ne in cire kan jimlar in sa "I know" a madadinsa. Ba wanda bakinsa zai yarda ya ce "I know where is the office", to bai kamata ya yarda bayan "Can you tell me" ba.

Akwai kuma inda ba a aron did ko kaɗan, wato idan mai aikin ake nema. "Who broke the window?" Amsar ita ce sunan wanda ya fasa. Amma "Who did you see?" kai ne mai ganin, wanda aka gani ake nema, shi ya sa did ya shigo.

Amsa tambayar da ke da korewa ma wuri ne mai santsi, kuma illarsa ta wuce ta jarrabawa. A Hausa idan aka ce "Ba ka sha maganin ba?" kana iya cewa "E", kana nufin e, ban sha ba. Bature ba ya gaskata maganar mai tambaya, abin da ya faru yake bi. Idan likita ya ce "Didn't you take the medicine?" ka ce "Yes", ya ji cewa ka sha, alhali ba ka sha ba. Ba ka yi ba, "No, I didn't." Ka yi, "Yes, I did." Babu wani abu wai shi "Yes, I didn't." Shawarata, kada ka taɓa amsa irin wannan da kalma ɗaya, cika ta kullum.

Sai "isn't it" da aka mayar gishirin kowace jimla, ana ɗaukarsa kamar "ko ba haka ba?" Ɗan wutsiyar nan bin mataimaki da mai aikin jimlar yake yi, kuma yana saɓa mata: "You are coming, aren't you?" "She didn't call, did she?" Akwai waɗanda sai dai a haddace su, kamar waɗannan biyu: "I am late, aren't I?" da "Let's go, shall we?"

Sauran ƙanana ne. "How many" na abin da ake ƙirgawa ne, "how much" na wanda ba a ƙirgawa, irin su water da money. "What means this word?" a gyara ta zuwa "What does this word mean?" Sunan abu kake nema, "What do you call this?", ba a sa how a nan. Kamannin abu kuwa, ko dai "What does it look like?" ko "How does it look?", how da like ba sa haɗuwa. Idan kana son sanin tsawon zaman da baƙo ya riga ya yi, "How long have you been here?" za ka ce, domin "How long are you here for?" kwanakin da zai yi kafin ya koma take tambaya.