Kurakuran da ake yi wajen auna bayanin kayan aikin wakilan AI

Tun da kamfanin fasahar AI na OpenAI ya buɗe hanyar da manhajojinsa za su riƙa kiran ayyukan waje a watan Yunin 2023, takwaransa Anthropic kuma ya fito da ƙa'idar MCP, mai haɗa manhajojin AI da kayan aikin waje, a Nuwamban 2024, masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta suka dukufa wajen ƙera wa wakilan AI, wato manhajojin da ke aiwatar da aiki da kansu a madadin mutum, kayan aiki: wannan ya binciko fayil, wancan ya aika saƙo. Abu uku kacal ke isa gaban wakilin: sunan kayan aikin, bayaninsa, da tsarin guraben da za a cike, wanda galibi ake rubutawa da JSON Schema, wata hanyar fayyace siffar bayanai ga kwamfuta. Kod ɗin da ke yin ainihin aikin kuwa, ko ƙyallinsa ba ya gani.

Daga nan babban kuskure yake tasowa. Mai dubawa ya san kod ɗin, sai ya karanta "yana neman abokan ciniki" ya ga babu wata matsala, domin shi ya riga ya san da suna ake neman, ba da lambar waya ba, kuma sakamako goma na farko kawai ke dawowa. Wakili kuwa sai dai ya yi canki, in ya ga goma ya ɗauka su ke nan. Maganinsa mai sauƙi ne: ka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin kod ɗin ba, ka ce ya cike guraben. Duk tambayar da ya yi maka, amsarta ta shiga cikin bayanin. Jagorar Anthropic ma ta ba da shawarar kada bayani ya gaza jimla uku ko huɗu.

Akwai kuma auna kowane bayani shi kaɗai. Wakili ba ɗaya-ɗaya yake ganinsu ba, a jere suke zuwa masa, wani lokaci da dama. In akwai kayan aikin neman takardu da na neman saƙonni, kowanne ya ce "yana bincike", to an bar zaɓin a hannun sa'a. Ka ajiye su kusa da juna ka duba ko kowanne ya faɗi lokacin da za a kira shi, da lokacin da ɗan'uwansa ne ya dace. Wannan na biyun shi aka fi mantawa da shi, ni kuma a ganina shi ya fi amfani.

Guraben cikewa ma ana yi musu kallon tsallake. Gurbin kwanan wata da bai faɗi tsari ba zai karɓi 03/04 ba a san Maris ake nufi ko Afrilu ba, alhali rubuta ISO 8601, wato tsarin shekara-wata-rana na duniya, da misali guda ya wadatar. Na kuɗi ya fi haɗari. Kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Stripe, alal misali, da ƙaramin ma'aunin kuɗi yake lissafi, wato 1000 a dalar Amurka na nufin dala 10. Bayanin da ya yi shiru a kan irin wannan zai iya sa a caji mutum kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake nufi. Haka gurbi mai suna user: suna ake so, imel, ko lamba? Mayar da shi user_id ya kashe gardamar. Inda zaɓin ke da iyaka, a jera shi a cikin tsarin.

Idan kayan aiki yana goge abu ko aika saƙon da ba ya dawowa, bayani ya faɗa ƙarara. MCP na da alamomin nuna haka, amma ishara ce kawai, ba tabbaci ba.

Duk da haka, karatu kaɗai ba ya yanke hukunci. Bayani yakan yi daɗin karantawa, wakili ya ci gaba da kiran abin da ba shi ba. Sai an tara ayyuka irin waɗanda mutane ke nema da gaske, a saki wakilin a kansu, a maimaita, tun da amsarsa ba ta zama iri ɗaya kullum. Kada a tsaya a kan ya ci ko ya faɗi. A bi tarihin kiraye-kirayensa a ga inda ya yi ta dawurwura. A kuma ɓoye wasu ayyukan gefe, kada gyaran ya koma na cin jarrabawar da ka sani kawai.

Masu gyara sukan zarce su cika bayani da "DOLE" da manyan baƙaƙe. Sabbin manhajoji na ɗaukar umarni da muhimmanci, sai su riƙa kiran kayan aikin ko ba a buƙata. Kowace kalma kuma tana cin wuri a ƙwaƙwalwar aikin wakilin a duk zagaye.

Kayan aikin da aka ɗauko daga wani, a karanta bayaninsa kaf. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI na Invariant Labs sun nuna yadda ake cusa umarnin ɓoye a bayanin kayan aikin MCP har wakili ya fitar da fayilolin sirri. Bayanin kuma na iya sauyawa bayan ka amince da shi, don haka ka adana kwafinsa, ka riƙa kwatanta shi da sabon duk lokacin da aka sabunta.