Kurakuran da aka fi yi wajen sauya sautukan kwamfuta

Idan ka gaji da ƙarar da Windows ke yi duk lokacin da ka soka filash ko saƙo ya shigo, sauya ta ba wuya. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Sounds. A nan ɗin ne kuma mutane suka fi yin tuntuɓe.

Yawanci matsalar daga fayil ɗin take. Fayil ɗin sauti nau'in WAV kaɗai Windows ke karɓa a wannan gurbi. Sai ka ga mutum ya ɗauko MP3, ya goge ƙarshen sunan ya rubuta .wav, yana zaton shi ke nan. Suna kawai ya sauya, cikin yana nan yadda yake, in ka danna Test shiru za ka ji. Buɗe shi a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ka fitar da shi a matsayin WAV na gaske. Tun da ka buɗe, ka datse shi. Daƙiƙa 2 ko 3 sun isa. Sautin da za ka ji sau da yawa a yini, in ya yi tsawo, kafin la'asar ka tsane shi.

Sai wurin ajiya. Windows ba ta kwafar fayil ɗin, hanyar zuwa gare shi kawai take riƙewa. Wanda ya bar shi a Downloads ko a kan filash, ranar da ya share ko ya zare, sauti ya tafi. Ka zuba shi a C:\Windows\Media, inda na asali suke. In ka gama, danna Save As ka ba tsarin suna, don sauya jigon allo (theme) kan sauya sautukan zuwa wasu daban.

Wanda ya fi damuna shi ne na sautin kunnawa, wato wanda ake ji in an kunna kwamfuta. A Windows XP yana cikin jerin sautukan da ke shafin Sounds, kowa na iya musanya shi. Daga Vista aka cusa shi cikin wani fayil na tsarin mai suna imageres.dll, aka bar maka akwati ɗaya tak, Play Windows Startup sound, ko ka kunna ko ka kashe. Mutane kan yi ta laluben jerin ba su gan shi ba, daga nan su sauko da wata manhaja da ba su san asalinta ba, su ba ta izinin taɓa wannan fayil. Don Allah kada ka yi haka. Ƙananan hotunan alama (icons) na Windows da dama a cikinsa suke, in ya lalace gyara ya same ka, kuma ko an dace, sabuntawa na iya mayar da shi yadda yake. Hanya mai aminci ita ce ka cire alamar akwatin, ka sa Task Scheduler, manhajar Windows mai gudanar da aiki a lokacin da ka tsara, ya kunna fayil ɗinka duk lokacin da ka shiga da sunanka.

Wani kuma yana ƙorafin sautin kunnawa ya ɓace, alhali a Windows 8 da 10 a kashe yake zuwa, sai a Windows 11 aka dawo da shi. Sa alama a akwatin kawai. In har yanzu shiru, leƙa Volume mixer, inda ake daidaita ƙarar kowace manhaja, domin System Sounds na da nasa ma'aunin daban, kuma sau da yawa shi ne aka sauke ƙasa ba a lura ba.