Kurakuran da aka fi yi wajen cire gilashin gaban tsohuwar mota

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mutum ya samo tsohuwar mota, Peugeot 404 ko Volkswagen Beetle ko Mercedes W123, ya ɗaura niyyar maido ta yadda ta fito daga kamfani, amma kafin a kai ga walda da fenti sai ka ji gilashin gaba ya tsage a hannunsa. Gilashin da ya yi shekara 50 yana shan rana da gargada bai ce komai ba, a zo a rasa shi cikin minti biyar.

Babban kuskuren shi ne ƙoƙarin ceto robar da ke riƙe da gilashin. Irin waɗannan motoci ba a manna musu gilashi da gam kamar na yanzu. A cikin roba mai kauri yake zaune, tsaga ɗaya ta riƙe gilashi, ɗaya ta ciji bakin ƙarfen mota. Bayan shekaru robar nan ta bushe ta zama kamar itace. Ni ma na taɓa faɗawa. A wata 404 na ga robar ba ta tsage ba, na ce bari in lallaɓa in fitar da ita lafiya. Na sa sukundireba a kusurwar sama ina ɗagawa kaɗan-kaɗan, sai na ji wani ɗan "ƙas", ba shi ma da ƙarfi. Ina kallo layi ya taso daga bakin ƙarfen ya gangara har tsakiyar gilashin. Wata huɗu motar tana lulluɓe ina neman wani, wanda na samu kuma bai zauna daidai kamar na asalin ba. Garin neman gira na rasa ido, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Tun daga ranar yanka robar nake yi. In sa sabuwar reza a wuƙa, in kwantar da ita, in bi leɓen robar na waje in zagaye gilashin duka har gefensa ya fito fili. Sannan in shiga ciki in tura da tafin hannu biyu daga sama, a hankali, wani yana waje yana tarewa. Idan wuri ya maƙale ba na ƙara ƙarfi, komawa nake in sake yankawa. In dole sai an cusa wani abu, ɗan katako ko roba mai tauri. Akwai masu kwanciya a kujera su tura da ƙafa, sun ce yana yi musu. Ni ba na yi, don tafin ƙafa ba ya jin abin da hannu ke ji.

Ka san irin gilashin da ke gabanka, tambarin da ke kusurwa zai gaya maka. Akwai mai falle biyu da siririyar roba a tsakani, wanda Bafaranshe Édouard Bénédictus ya yi wa rajista tun 1909. Wannan ba ya son lanƙwasa, ka tura gefe ɗaya ka bar ɗaya sai ya tsage. Motocin Turai da yawa kuwa har cikin shekarun 1970 da gasasshen gilashi falle ɗaya suke fitowa. Yana da ƙwari a tsakiya, amma ƙarfe ya ɗan daki gefensa sai ya tarwatse ya zama tsakuwa. Shi ya sa nake toshe ramukan iska na dashbod da tsumma kafin in fara, in ba haka ba shekara guda fanka tana watso maka ɓarɓashi a fuska.

Sai kwalliyar ƙarfe mai sheƙi da ke zagaye da gilashi. Don Allah ku daina fizge ta! A Beetle da W123 a cikin robar take, tare da gilashi take fita, sai an kwantar da su a tebur ake zare ta. Ka ɓamɓare ta tun tana jikin mota, ta lanƙwashe ke nan, kuma alminiyon da ya lanƙwashe da wuya ya koma yadda yake. A tsohuwar Mini kuma akasin haka ne, siririn zaren da ke tsakiyar robar shi ne makulli, shi ake fara zarewa. Ka duba taka kafin ka taɓa.

A cire waifa da madubin ciki tukuna. A shimfiɗa bargo a kan bonet. Safar hannu da tabarau ba kwalliya ba ce. A lura da yadin rufin ciki, sau da yawa bakinsa a ƙarƙashin robar yake, reza na iya yaga shi. Kada a yi aikin da sanyin safiya, a bar motar ta ɗan sha rana robar ta saki.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a fitar da gilashi lafiya, sannan a kashe shi a wurin ajiya. Gilashi mai lanƙwasa ba a kwantar da shi, balle a ɗora masa kaya. Na ga wanda aka jingine kusa da mai walda, tartsatsi ya yi masa ɗigo-ɗigon da ba ya goguwa. Nawa a tsaye nake ajiye shi a kan katako mai tsumma, nesa da wuta da hanyar wucewa.

Da gilashi ya fita, ka kankare bakin ƙarfen, musamman kusurwoyi biyu na ƙasa inda ruwa ke kwanciya, don nan tsatsa take ɓuya. Idan an yi walda a wurin, ka gwada gilashin da sabuwar roba kafin a fesa fenti.