Neman likitan sankarar jini daga Katsina ko Daura

Jama'a, duk mai fama da ƙarancin jini da ke dawowa bayan ƙarin jini, ko zubar jini daga dasashi, ko kaluluwar da ta ƙi sacewa, likitan jini zai nema, wato na sashen himatoloji. A fara da babban asibiti, a yi gwajin FBC, wato na ƙirga ƙwayoyin jini, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In an buƙaci ƙarin bincike, akwai asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano da na Shika da ke Zariya.

A tafi da duk sakamakon baya, tsofaffi da sababbi. Don Allah kada a sha prednisolone ko dexamethasone daga kemis kafin a ɗebi ɓargo don gwaji, domin suna narkar da ƙwayoyin sankarar na ɗan lokaci, gwaji ya fito a ruɗe, ganewa ta yi jinkiri.