Yadda za a taimaki wanda ya fito daga gidan yari ya samu aiki, ya kuma riƙe shi

Ku fara shiri tun saura wata uku a sake shi, domin wanda ya fito hannu rabbana makonsa na farko a neman wurin kwana yake ƙarewa. Abu huɗu za ku haɗa masa: katin shaida, layin waya, asusun banki, da adireshin da za a same shi. In ya koyi sana'a a ciki, ku karɓo takardar shaida kafin ya fito. Bayan an sake shi, bin sawunta wahala ce. Wannan ba alfarma ba ce. Doka ta 108 cikin Dokokin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ta ce a tanadar wa wanda aka saki takardun shaida da masauki da aikin yi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tambayar "ina ka shiga shekarun nan?" Binciken masaniyar zamantakewa Devah Pager da aka buga a 2003 a Amurka ya nuna cewa tarihin ɗauri kaɗai ya rage kiran da masu ɗaukar aiki suke yi wa fararen fata daga kashi 34 zuwa 17, baƙaƙen fata kuma daga 14 zuwa 5. Duk da haka kada ku koya masa ƙarya, don ran da ta tonu aikin ya tafi, amana ma ta bi shi. Ku zauna da shi ya shirya amsar da ba ta wuce minti ɗaya ba: abin da ya faru a taƙaice, ba ɗora wa kowa laifi, sai abin da ya koya da abin da zai iya yi yau. Ya maimaita ta da baki har muryarsa ta daina rawa. Ku kuma duba dokar ƙasarku, akwai ƙasashen da ake daina tilasta bayyana wasu laifuffuka bayan wani wa'adi.

Ƙananan masana'antu sun fi sauƙin shiga, saboda maigidan da kansa yake yanke hukunci. Ku je ido da ido, ku nemi gwajin mako biyu, ku bar lambarku a matsayin mai tsaya masa. Ku guji aikin da ya yi kama da laifin da ya kai shi ciki.

Riƙe aikin ya fi samunsa wuya, kuma galibi ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutum. Albashi sai ƙarshen wata, kuɗin mota kuwa kullum ne. Ku nema masa kafin-alƙalami ko ku ɗauki nauyin zirga-zirgar wata guda. In sakin talala aka yi masa, ku daidaita ranakun ganin jami'in da ke sa masa ido da lokacin aiki tun farko. Mutumin da ya shekara biyar ana kaɗa masa ƙararrawa kafin ya tashi, zai iya makara, ko ka gan shi tsaye yana jiran umarni alhali aiki na gabansa. Maigida zai ɗauka lalaci ne, sai ku yi masa bayani tun kafin ya gani. Mai fama da shaye-shaye kuwa, a haɗa shi da magani tare da aikin.

Ku riƙa kiran su biyun, shi da maigidan, kowane mako har wata uku, daga nan sau ɗaya a wata. Ran da ya yi fashin zuwa, ku neme shi a ranar, domin kunya ce take hana shi komawa washegari.